Yatsa Jarin Mai Sana'a: Kare Hannu Daga Allurar Keken Ɗinki

Jawabin da aka gabatar a gaban malaman firamare na Gusau da Tsafe da Bungudu, tare da iyalansu



Mai girma shugaban taro, shugabannin reshe, iyayenmu shugabannin makarantu, 'yan uwana malamai maza da mata, da iyalanmu da suka samu halarta, ina yi muku barka da zuwa. Ina kuma gode wa shugabannin reshe da suka ba ni wannan dama ta yin magana a kan raunin da keken ɗinki ke yi wa yatsa, da hanyoyin kauce masa, da abin da ya kamata a yi idan ya auku.

Me ya haɗa malami da keken ɗinki?

Na san wani zai ce, muna fama da maganar albashi da ƙarin girma, ina ruwanmu da allurar tela? To, kowa ya duba gidansa. Da wuya a samu malami a wannan zaure da ba ya da tela a cikin iyalinsa. Wasunmu da an tashi daga makaranta sai shago, domin albashi shi kaɗai ba ya kai mutum ƙarshen wata. Matanmu da ƙannenmu suna ɗinki a tsakar gida. 'Ya'yanmu da ɗalibanmu kuwa, da yawansu suna zuwa koyon ɗinki da yamma ko lokacin hutu.

Wannan yanki namu ya daɗe da sanin zare da tufa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920, garin ya zama matattarar auduga, daga baya kuma aka kafa masaƙa. Masaƙar ta tsaya, amma ɗinki bai tsaya ba. A yau duk shirin tallafin sana'a da za a yi, da wuya a rasa keken ɗinki cikin kayan rabo, kuma mata da yawa da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu da wannan keke suke ciyar da 'ya'yansu. Ga shi kuma manhajar ilimi ta ƙasa ta sa koyon tattalin gida tun daga aji huɗu na firamare, kuma a shekarar 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da cewa ɗinki na cikin sana'o'i shida da ɗalibin ƙaramar sakandare zai zaɓi ɗaya daga ciki. Ke nan keken ɗinki ya riga ya shigo gidajenmu, yana kuma kan hanyar shigowa azuzuwanmu.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka ɗauki raunin allura tamkar harajin da dole mai koyo ya biya. Idan allura ta soki yaro a shago, sai ka ji ana yi masa raha cewa yau ya shiga sana'a. A ɗaure yatsan da ƙyalle, a ce ya koma kan keke. Alhali yatsan nan da shi yake riƙe alƙalami, da shi malami ke riƙe alli, da shi tela ke neman abincinsa. Hakin da ka raina, in ji masu iya magana, shi ke tsone maka ido. Raunin keke yana da dalilai sanannu, kuma duk abin da aka san dalilinsa ana iya koyar da hanyar kauce masa. Koyarwa kuwa aikinmu ce.

Yadda keke ke raunata yatsa

Kekunan da ke hannun jama'armu kashi biyu ne. Akwai na ƙafa, irin su Butterfly da Singer, wanda tsarinsa bai canza sosai ba tun bayan da Isaac Singer ya fito da nasa a Amurka a shekarar 1851. Akwai kuma na wuta, musamman manyan nan na masana'anta irin su Juki da Brother, waɗanda suka yawaita a shagunan Gusau a 'yan shekarun nan.

Bari mu yi ɗan lissafi kamar yadda muka saba a aji. Babban keken wuta, idan aka sake masa gudu, allurarsa tana iya sauka sau 5,000 a minti ɗaya. In aka raba wannan da sittin, za a samu fiye da sau 80 a sakan guda. Shi kuwa ɗan Adam, tsakanin ya ga abu da ya janye hannunsa, yana ɗaukar kusan rubu'in sakan. A cikin wannan ɗan lokaci allura ta sauka kusan sau 20. Saboda haka duk wanda ya dogara ga zafin namansa, yana cewa zai janye hannu in ya ga haɗari, lissafi bai goyi bayansa ba. Kariyar kawai ita ce kada yatsa ya kusanci allura tun farko.

Keken ƙafa bai kai wannan gudu ba, amma yana da tasa illar. Babbar ƙafar ƙarfen da ke ƙarƙashin tebur tana da nauyi, in ta ɗauki juyi ba ta tsayawa nan take don an ɗaga ƙafa daga feda. Sai an dafe ƙaramin wilin da ke gefen kan keke da hannun dama. Mai koyo da bai saba da wannan ba zai ɗauka keke ya tsaya, ya kai hannu ya gyara yadi, allura kuwa tana da sauran sauka biyu ko uku. Haka nan manyan kekunan wuta masu tsohon inji: bayan an kashe makunni injin yana ci gaba da juyawa na ɗan lokaci, in aka taka feda a wannan hali keke zai yi ɗinki kamar ba a kashe shi ba.

Shi kan yatsa kuwa, ƙashi yana nan daf da ƙarƙashin farce. Idan allura ta huda farce, sau da yawa ƙashin take tararwa, sai ta lanƙwashe ko ta karye. Ga kuma ɗabi'ar jiki ta fizge hannu idan ya ji zafi. Wannan fizgar ita ce ke karya allurar a ciki ko ta yaga tsoka, har ɓarnar da ta yi ta fi ta sukar kanta.

Ba allura kaɗai ke raunata mutum ba. Igiyar keke tana matse yatsa tsakaninta da wili, kuma ƙananan yara masu rarrafe su ne suka fi faɗa wa wannan, domin uwa tana ɗinki idonta na kan yadi, yaro kuwa yana ƙarƙashin tebur yana sha'awar abin da ke juyawa. Keken wibin yana da wuƙa da ke yanke bakin yadi. Guntun allura idan ya karye yana iya tashi ya faɗa ido. Akwai almakashi da reza da dutsen guga na gawayi. Akwai kuma ɗabi'ar riƙe fil a baki, wadda tari ɗaya ko dariya ɗaya ke iya tura shi cikin maƙogwaro.

Lokutan da aka fi jin rauni

Na farko shi ne ɗinkin Sallah. Kowa ya san halin da shagunan teloli ke shiga a goman ƙarshe na azumi da kuma gabanin Babbar Sallah: an karɓi aikin da ya fi ƙarfin shago, masu kaya sun tsaya a ka, ana kwana ana ɗinki. Wanda ya yini da azumi ya kuma kwana bai runtsa ba, idonsa yana rufewa ƙafarsa tana kan feda. A irin wannan lokaci ne ake ɗora ƙananan yara kan keken da ba su isa hawa ba, domin a rage aiki. Haka abin yake, ko da bai kai wannan ba, a makonnin komawa makaranta, lokacin ɗinkin yunifom.

Na biyu shi ne matsalar wuta. An ɗauke wuta, tela ya bar makunni a kunne, ya kai hannu yana zura zare ko yana canza allura, ƙafarsa a kan feda, sai kwatsam a maido da wuta ko a tada janareta. Akwai kuma ɗinki cikin duhu da hasken waya a baki ko a kafaɗa.

Na uku shi ne rabuwar hankali. Ana ɗinki ana kallon waya, ana ɗinki ana hira da mai wucewa, ana ɗinki an waiwaya ana tsawata wa yaro.

Na huɗu shi ne amfani da allurar da ba ta dace ba. Allura tana da lamba: 11 ta yadi mara kauri ce, 14 ta matsakaici, 16 da 18 na mai kauri kamar kaki da jins. Idan aka sa siririyar allura a yadi mai kauri, ko aka ci gaba da aiki da wadda ta dakushe don gudun sayen sabuwa, sai yadi ya ƙi tafiya. Daga nan tela ya shiga turawa da yatsu ta gaba, yana ja ta baya. Turawar ce ke kai yatsa ƙarƙashin allura, jan kuma shi ke lanƙwasa ta ta doki ƙarfe ta karye.

Ka'idojin rigakafi

Darasin farko ga mai koyo shi ne tsayar da keke. Kafin a ba yaro yadi, a cire allura, a bar shi ya yi kwanaki yana taka feda yana tsayawa, har ƙafarsa da hannunsa su san juna. Bayan nan a sa allura ba zare, ya bi layi a kan takarda. Sannu ba ta hana zuwa.

Keke yana da haƙora a ƙarƙashin yadi, su ne ke jan sa. Aikin hannu shi ne saita hanya kawai. A shimfiɗa hannuwa biyu a gefen allura, dama da hagu, a bar tazarar da ba ta gaza faɗin yatsu biyu ba. In wuri ya yi ƙunci, kamar kusurwar aljihu ko wuyan riga, a rage gudu, a juya wili da hannu, a riƙe yadin da ɗan tsinke maimakon farce. A tabbatar an sauke ƙafar da ke danne yadi kafin a fara, domin in tana sama babu abin da ya raba yatsa da allura.

Duk lokacin da hannu zai je wajen allura, ko don zura zare, ko canza allura, ko cire ƙoshiya da kwarkwaro, a sauke ƙafa daga feda a ajiye ta a ƙasa. In keken wuta ne, a kashe makunni a jira injin ya yi shiru. Da an ɗauke wuta, abu na farko shi ne kashe makunni.

Manyan kekunan wuta suna zuwa da ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da ke kewaye allura don ya tare yatsa. Teloli da yawa suna cire shi, wai yana rage musu sauri. Ina roƙon masu shago su mayar da shi, ko da a keken masu koyo ne kaɗai. Sababbin injuna kuma suna da wurin rage gudu, a rage wa yaro.

'Yan uwana mata, a tattara hijabi ko mayafi kafin a zauna, kada gefensa ya sauka wajen igiya. In an tashi daga keken ƙafa, a zare igiyar daga wili, a rufe kan keke. Minti ɗaya ba ya cika ana yin haka, amma yana hana yaro mayar da keke abin wasa. A ajiye gwangwani mai murfi don karyayyun allurai, a kuma bi ƙasa da maganaɗisu bayan aiki, domin 'ya'yanmu ba takalmi suke yawo a tsakar gida.

Na ƙarshe, wanda barci ya fara ɗauka ya tashi daga kan keke. Rigar da aka makara da ita za a ba da haƙuri a wuce wurin, amma yatsan da ya lalace ba a sayen wani a kasuwa.

Idan allura ta riga ta shiga

A nan nake so mu fi natsuwa, musamman 'yan uwanmu da ke koyarwa a ƙauyukan Tsafe da Bungudu, inda halin da hanyoyi ke ciki ba ya barin mutum ya fita da dare neman asibiti. Abin da aka yi a gida cikin sa'ar farko yana da tasiri ƙwarai.

Da fari, a tsayar da keke, a riƙe hannun wanda ya ji rauni kada ya fizge, a kwantar masa da hankali. Idan allurar ta tsaya cikin yatsa, ta huda farce ko ta shiga da zurfi, a kwance ɗan sukurun da ke riƙe ta a jikin keke, a fito da hannun tare da allurar, a kewaye ta da tsabtataccen ƙyalle yadda ba za ta motsa ba, a tafi wurin ma'aikatan lafiya su cire.

Idan ta riga ta fita, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta, ana kwarara ruwan na 'yan mintoci. A danne da tsabtataccen ƙyalle, a ɗaga hannu sama har jini ya tsaya, sa'an nan a rufe da bandeji. In akwai zobe a yatsan, a cire shi kafin kumburi ya fara.

Daga nan sai a duba allurar da kyau. In ta karye, a tattara guntayen a jera su kusa da sabuwar allura. Muddin ba su cika tsawonta ba, a ɗauka cewa ragowar tana cikin yatsa, ko da mutum ya ce ba ya jin komai. Kada a tona da reza ko aska ko wata allurar. Ƙarfe yana fitowa sarai a hoton ƙashi, kuma a Gusau muna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Na Tsafe da Bungudu su fara da babban asibitin garinsu ko asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura gaba.

Kada a zuba man keke, ko kananzir, ko fetur, ko man birki, ko toka, ko ƙasa, ko yanar gizo-gizo. Wasu suna ƙona tsoka, wasu kuma ƙwayoyin cuta suke kaiwa cikin ramin da allura ta buɗe.

Haɗari biyu ne ke biyo bayan irin wannan rauni. Na ɗaya shi ne ruɓewa. Tsokar kan yatsa a matse take, in mugunya ta taru ba ta da mafita, sai ta zama karkare, in aka yi sakaci ta kai ga ƙashi. Alamominta su ne kumburi, da zogi mai bugawa da ke hana barci, da ja, da zafin wurin, da zazzaɓi. Duk wanda ya ga haka kada ya jira ya nuna. Mai ciwon suga kuwa, ko raunin ƙarami ne, ya je a duba shi a ranar.

Na biyu shi ne cutar sarƙe-haƙora, wadda likitoci ke kira tetanus. Ƙwayarta tana zaune cikin ƙasa da ƙura da kashin dabbobi, kuma ta fi samun wurin zama a rauni mai zurfi mai ƙaramin baki, wanda iska ba ta shiga. Alamunta sukan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21, lokacin da an ma manta da raunin. Jarirai suna samun rigakafinta a mako 6 da 10 da 14, mata kuma suna samu lokacin awon ciki, amma ƙarfin rigakafin yana raguwa da shekaru, kuma maza da yawa ba su sake karɓa ba tun suna goye. Saboda haka a gaya wa ma'aikacin lafiya lokacin da aka yi ta ƙarshe, shi zai yanke ko ana bukatar wata.

Na taɓa samun ɗalibi ɗan aji shida da allura ta karye a babban yatsansa na dama a shagon da yake koyo. Aka zuba masa man keke aka ɗaure, shi kuma ya ɓoye wa iyayensa don kada a hana shi zuwa shago. Sai da rubutunsa ya lalace a aji aka kwance ƙyallen, aka tarar yatsa ya kumbura ya tara mugunya. An cire guntun a asibiti, Allah ya sa ya warke, amma ya yi makonni ba ya iya riƙe alƙalami, ga jarrabawar shiga sakandare ta matso. Da a ranar farko aka jera guntayen allurar nan, da wahalar ba ta kai haka ba.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Ina da shawarwari huɗu ga wannan reshe.

Na ɗaya, kowane malamin aji huɗu zuwa shida ya san ɗalibansa da ke zuwa koyon sana'a, ya ware darasi ɗaya a kowane zango don waɗannan ka'idoji. Ba sai da keke ba, allo da alli sun isa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu kuma riƙa lura da hannuwan yara a aji, mu tambayi duk wanda muka gani da ƙyalle a yatsa.

Na biyu, shugabannin makarantu su haɗa kai da kwamitocin iyaye a samar da akwatin taimakon gaggawa mai sabulu da auduga da bandeji da filasta. Wanda ke da keke a gida ko a shago shi ma ya tanadi nasa.

Na uku, mu iyaye, kafin mu miƙa yaro ga mai shago mu je da ƙafarmu mu ga wurin. Mu tambaya wane keke zai hau, ƙarfe nawa zai tashi, wa za a kira in ya ji rauni. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta tanadi cewa yaron da ya haura shekara 12 bai kai 16 ba, iyayensa ko mai riƙonsa ne za su sa shi koyon sana'a bisa rubutacciyar yarjejeniya. Mu a nan da baki da amana muke yi, to amma amanar ta haɗa da lafiyar yaron.

Na huɗu, shugabannin reshe su nemi zama da shugabannin teloli na garuruwanmu uku kafin azumi mai zuwa, a yi magana ta mutunci a kan hana ƙananan yara kwana a shago da kuma hawa babban keken wuta. Su ma iyaye ne, kuma 'ya'yansu suna hannunmu da safe kamar yadda namu ke hannunsu da yamma. Malamai mata kuma su kai wannan saƙo ga masu ɗinki a cikin gidaje, inda mu maza ba mu shiga.

Kammalawa

'Yan uwa, Ƙungiyar Malamai ta Najeriya tun kafuwarta a 1931 take fafutukar kare jin daɗin malami, kuma lafiyar malami da ta iyalinsa tana cikin wannan jin daɗi. Ɗinki sana'a ce mai albarka da ta rufa wa gidaje da yawa asiri, muna kuma so 'ya'yanmu su koye ta. Mu dai mu tabbatar sun koye ta da yatsunsu goma cif. Ina roƙon kowa, in ya koma gida yau, ya duba keken da ke gidansa, ya zare igiyar in ba a aiki da shi, ya kuma zaunar da masu hawansa ya faɗa musu abin da ya ji a nan.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya dawo mana da zaman lafiya a Jihar Zamfara.